Kukun da ya rage ƙiba ba tare da ya bar bakin murhu ba

In likita ya ce ka rage ƙiba, shawarar farko da za ka ji ita ce ka nisanci abinci mai maiƙo. To, yaya ke nan in abincin shi ne sana'arka? Kuku wuni yake a kan tukunya, kuma babu miyar da za ta fita daga kicin ɗinsa bai ɗanɗana ba. Cokali nan, cokali can, ga shi sau da yawa ba ya samun zama ya ci nasa sai tsakar dare. A Faransa, wannan matsala ta taimaka wajen haifar da sabon salon girki.

A farkon rabin ƙarni na 20, girkin manyan gidajen abinci na Faransa ya dogara ne a kan man shanu da kirim da fulawa. Fernand Point, mai gidan abinci na La Pyramide a garin Vienne, wanda ya koyar da Paul Bocuse, ya yi suna wajen son man shanu, ya kuma yi suna wajen girman jiki. Ya rasu a 1955 yana da shekara 58. A zamaninsa, tumbin kuku kamar shaida ce ta cewa hannunsa na da daɗi.

Sai ga Michel Guérard, wanda aka haifa a 1933. Da kek da kayan zaƙi ya fara koyon sana'a, kuma a 1965 ya buɗe Le Pot-au-Feu a Asnières, gefen birnin Paris. Ciniki ya buɗe, jiki ma ya buɗe. A 1974 ya auri Christine Barthélémy, wadda danginta ke da wuraren jinya na ruwan ɗumi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, suka koma ƙauyen Eugénie-les-Bains a kudu maso yammacin ƙasar. Da yawa daga masu zuwa wurin rage ƙiba ce ke kawo su, kuma abincin masu rage ƙiba a lokacin lami ne, babu armashi. Guérard, da shi ma yake son sauke nasa nauyin, ya san mutum ba ya daɗewa a kan abincin da ba ya so.

Don haka sai ya koma kan tukunyar. Maimakon ya kaurara miya da fulawa da man shanu, sai ya dafa kayan lambu ya niƙa su, su ba da kaurin. Ya sa farin cuku marar kitse a gurbin kirim. Ya rage suya, ya koma turara kifi da nama, ko ya naɗe su a takarda ya gasa su cikin ruwan jikinsu, ya ƙara ganyaye masu ƙamshi. Ya kira salon cuisine minceur, wato girkin siranta jiki. A 1976 littafinsa La Grande Cuisine minceur ya fito, mujallar Time ta Amurka ta sa shi a bangonta, sannan a 1977 gidan abincinsa ya samu taurari uku na Michelin, matsayi mafi girma a wannan ma'auni.

Me ya sa dabarar ta yi aiki? Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sitaci ko furotin kuwa 4. Babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120. Kayan lambu kuma galibinsu ruwa ne da zare, suna cika ciki da ɗan kalori kaɗan. Daga baya, binciken Barbara Rolls a Jami'ar Jihar Pennsylvania ya nuna cewa mutane kan ci abinci kusan mai nauyi ɗaya a kullum, ko kalorin cikinsa ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ka ga ke nan in aka rage mai aka bar faranti a cike, ciki ba ya saurin kai ƙara. Ga kuku, ribar biyu ce, domin kowane cokalin ɗanɗano ma ya zama mai sauƙi.

Kai ma ka san wannan dabara a gida: kuka da kuɓewa suna kaurara miya ba tare da ɗigon mai ba. Ludayin manja ko man gyaɗa da ake ƙarawa a kai shi ke ɗaga lissafin.

Kar dai ka ɗauka girki kaɗai ke yanke hukunci. Gado da ƙarancin barci da wasu magunguna duk suna da hannu a ƙiba, kuma mai ciwon suga ko hawan jini ya fara ganin likita kafin ya sauya cimarsa. Shi kansa Guérard bai daina dafa abinci mai man shanu ba, ya ci gaba da sayar da nau'i biyun a Eugénie. A 2013 ya buɗe makarantar koyar da girkin lafiya a ƙauyen, don masu dafa abinci da ma'aikatan lafiya. Ya rasu a watan Agustan 2024, yana da shekara 91.