Kalmomin Tara Jama'a a Sakkwato: Daga Gayya Zuwa Rali

Hausa ba ta da kalma ɗaya tilo da za ta ɗauki duk nau'o'in tara mutane. Akwai gayya, akwai gangami, akwai shela da yekuwa, sannan ga taro wanda ya zama uwa ga sauran. A bayansu aka samu baƙin kalmomi da suka shigo tare da Turawa, irin su mitin, kwamiti, fareti, kamfe da rali. Abin da ya raba waɗannan kalmomi ba yawan mutanen da suka hallara ba ne. Kowace tana faɗin wanda yake da ikon yin kira, da kuma hakkin da ya rataya a wuyansa ga wanda ya amsa. Birnin Sakkwato wuri ne mai kyau na gwada wannan magana, domin shi kansa da kira aka kafa shi.

Gayya ce ta fi kusa da talaka. Manomin da aikin gona ya fi ƙarfinsa yakan aika wa maƙwabta goro, a sa rana. Da hantsi samari su jeru a bakin kunya, kowa da kalme ko hauya, mai gangar noma yana binsu yana kiran sunan wanda ya wuce sa'a. Mai gona ba ya biyan lada, amma tuwo da fura da kunu a kansa suke. Mafi muhimmanci, ya ci bashi: ranar da wani daga cikin masu aikin ya kira tasa gayyar, ba shi da bakin cewa yana da uzuri. Haka ake yi wajen ɗaga jinka, yashe rijiya da gyaran maƙabarta. Saboda haka gayya kira ce tsakanin tsararraki, ba umarni daga sama ba. Daga gare ta aka samu gayyata, har da gayyar soɗi, wato mai zuwa inda ba a kira shi ba.

Gangami kuwa na masu sarauta ne. Ganga ake bugawa da wani take na musamman, duk wanda ya ji ya san ba kiɗan biki ba ne, ya bar abin da yake yi ya nufi ƙofar fada. Idan saƙo ne kawai za a isar, ba a bukatar mutane su taru, sai a sa sanƙira ko mai shela ya bi kasuwa da unguwanni yana faɗin maganar sarki. Shela tana bin mutane inda suke, gangami yana jawo su inda sarki yake.

Tsakanin gayya da gangami ne tarihin Sakkwato ya kawo wata kalma ta uku, wato Jama'a. Da wannan suna aka san mabiyan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tun yana Degel. Ba ganga ce ta tara su ba, ba kuma goro ba, wa'azi da karatu da waƙoƙin Fulatanci da Hausa ne suka tara su. Da Sarkin Gobir Yunfa ya matsa musu, suka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, inda aka yi wa Shehu mubaya'a. A watan Yuni na shekarar suka yi nasara a Tabkin Kwatto, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Muhammadu Bello kuma ya kafa Sakkwato a 1809. Hanyar da aka bi wajen faɗaɗa kiran ita ce tuta. Malami zai zo ya karɓa ya koma ƙasarsa ya tara mutanensa, kamar yadda Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubun Bauchi da Ummarun Dallaje suka yi. Tutar ba ta zuwa da runduna. Izini ne kawai, sauran aiki ya rage ga darajar wanda ya riƙe ta a idon mutanensa. Wannan ne ya sa kira ɗaya ya iya ratsa ƙasa mai faɗi haka cikin 'yan shekaru. Ƙarfin irin wannan kira bai mutu ba ko bayan yaƙin Giginya da Turawa na 15 ga Maris 1903, domin da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufi gabas, ɗimbin mutane sun bar gidajensu sun bi shi har Burmi, inda ya yi shahada a watan Yuli.

Da mulkin mallaka aka samu sabon salon taro, mai lokaci da takarda da rajista. Soja da ɗan sanda suka kawo fareti, ofis ya kawo mitin da kwamiti, makarantar boko ta kawo jerin yara a layi da safe. Waɗannan kalmomi sun zauna daram a Hausa saboda abin da suke nufi sabo ne, babu tsohuwar kalmar da za su ture. Inda aka yi ta'adi shi ne wajen aikin tilas. An riƙa ɗibar mutane ta hannun hakimai da dagatai domin gyaran hanya da ɗaukar kaya, har da haƙar kuza a Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A ido aikin ya yi kama da gayya, mutane da yawa a kan aiki ɗaya, amma babu ranar da gwamnati za ta zo ta rama wa talaka a gonarsa.

Siyasar jam'iyyu, wadda ta kankama da kafa jam'iyyar NEPU a 1950 da mayar da Jam'iyyar Mutanen Arewa jam'iyyar siyasa a 1951, ta kawo lacca da kamfe, daga baya rali. Abin lura shi ne gidajen rediyo sun fi son su ce gangamin siyasa. An ari kalmar sarauta an yafa wa taron da ba dole a cikinsa. A yau idan aka cika filin wasa na Giginya ko Dandalin Shehu Kangiwa, akwai waɗanda ƙauna ta kawo, akwai kuma waɗanda aka ɗebo a motoci daga ƙananan hukumomi, aka raba musu riga da hula da kuɗin mota. Na ƙarshen nan ba gayya suka zo ba, ba gangami suka amsa ba, ƙwadago suka yi na yini ɗaya.

Gwamnati ma ta gwada nata kiran. A 1987 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar MAMSER ƙarƙashin Jerry Gana, wadda a 1993 ta narke cikin hukumar da Hausa ke kira ta wayar da kan jama'a. Sunan Hausar ya faɗi gaskiya, domin aikin ya tsaya a jawabi da tallan rediyo. Da aka zo batun rigakafin shan inna, inda ake bukatar uwa ta buɗe ƙofa ta miƙo ɗanta, tallar kaɗai ba ta wadatar ba. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar na Uku, saƙo ya riƙa sauka daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, liman yana maimaitawa bayan salla. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Sunan kwamiti aka sa wa tsarin, amma ta tsohuwar hanyar shela ya yi aiki.

Tara dukiya ma haka ya rabu. Adashi da karo-karo suna bin ƙa'idar gayya, kowa ya zuba kowa ya kwasa ko ya amfana, yayin da haraji da jangali suka bi ta gangami. Gidauniya ta zamani, wadda ake ƙaddamarwa a zauren taro ana shelanta abin da kowane babban baƙo ya yi alkawari, tana tsaye ne a tsakani, domin babu dokar da ta tilasta bayarwa, kuma babu zagayen da zai dawo wa mai bayarwa da abin da ya zuba.