Yun Sung-bin

Yun Sung-bin tsohon ɗan wasan skeleton ne daga Koriya ta Kudu, wanda aka haifa a ranar 23 ga Mayu 1994 a gundumar Namhae. Skeleton wasan hunturu ne da ɗan wasa ke rugawa yana tura wani ƙaramin faifan sulɓi, sa'an nan ya faɗa kansa rub da ciki, kai a gaba, haɓarsa dab da ƙanƙara, ya gangara lanƙwasasshiyar hanya da gudun da kan zarce kilomita 120 a awa, yana sarrafa faifan da kafaɗu da gwiwoyi.

Yun ya fara wasan a 2012 yana ɗan shekara 18, ya zo na 16 a gasar Olamfik ta Sochi a 2014, kana ya samu lambar azurfa a gasar duniya ta 2016. A gasar Olamfik ta PyeongChang ta 2018 ya lashe zinare a gida, inda ya ba na biyu ratar daƙiƙa 1.63 bayan zagaye huɗu, lamarin da ya sa ya zama ɗan Asiya na farko da ya ci lambar Olamfik a wannan wasa.