Minshari mai ɗauke numfashi: na'urar motsa jijiyar harshe da lafiyar zuciya

Jama'a, a gidajenmu in mutum yana zuga minshari sai mu ce barci ne ya yi masa daɗi. To amma akwai minsharin da ciwo ne: mutum ya yi ta ja, sai tsit, numfashi ya ɗauke, can kuma ya zabura kamar an shaƙe shi. A takardar likita za ku ga an rubuta apnée du sommeil.

Me ke kawo shi?

In barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yana saki, harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska. Likitoci suna ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. Daga sau 15 a awa ɗaya abin ya fara nauyi, sau 30 kuwa ya yi tsanani. Wani lissafi na shekarar 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 936 ne ke da shi a duniya, tsakanin masu shekara 30 zuwa 69.

Ina ruwan zuciya?

Duk sa'ad da numfashi ya tsaya, iskar da ke cikin jini tana raguwa, jiki ya firgita, zuciya ta ƙara gudu, tansiyon ya hau. Kun ga dare ɗaya, sau ɗari ko fiye. Shi ya sa ciwon yake tafiya tare da hawan jini mai ƙin magani, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga. Ga kuma gyangyaɗin rana, wanda ga direban da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Yamai magana ce ta rai.

Magani

Na farko shi ne injin CPAP, wanda likita Colin Sullivan ya fito da shi a Ostareliya a 1981. Yana hura iska ta hanci duk dare. Sai dai yana son lantarki, kuma mutane da yawa ba su iya jure abin rufe fuskar.

Don irin waɗannan ne aka ƙera na'urar motsa jijiya. Ana yin ƙaramar tiyata a dasa ta ƙarƙashin fatar ƙirji, da waya siririya zuwa jijiyar da ke motsa harshe, nan ƙasan haɓa. Duk jan numfashi sai ta ɗan tsikari jijiyar, harshe ya matso gaba, hanya ta buɗe. Mai ita yana kunna ta in zai kwanta, ya kashe da safe.

Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ta kamfanin Inspire a 2014. A gwajin da aka yi kan mutum 126, tsayawar numfashi ta sauko daga wajen sau 29 a awa zuwa sau 9 bayan shekara guda, wato ragin kashi 68 cikin 100.

A kula fa

Numfashi da iskar jini wannan gwajin ya auna, bai ƙirga ciwon zuciya ba. Saboda haka wanda aka dasa wa ita ba zai ajiye maganin tansiyon ko na suga ba. Kuma ba kowa take yi wa ba: sai wanda CPAP ya gagara, wanda ƙibarsa ba ta wuce kima ba, an kuma leƙa maƙogwaronsa yana barci. Ƴan uwanmu da ke Turai da Amurka, in an yi muku tayinta, ku tambayi waɗannan.

Mu da ke gida, akwai abin yi tun yau: rage teɓa, kwanciya ta gefe maimakon rigingine, barin taba da giya da ƙwayar barci. Uwargida, in kin ji numfashin maigida yana ɗaukewa, ki faɗa masa, don shi bai sani ba. A je asibiti a auna tansiyon da suga, a kuma gaya wa likita yadda daren yake.