Ma'anar karin maganar Turanci ta 'bootstraps' da asalinta

Duk mai bin muhawarar siyasa a Amurka zai sha jin ana cewa "pull yourself up by your bootstraps", musamman idan ana batun talauci da tallafin gwamnati.

Abin da ake nufi shi ne mutum ya fitar da kansa daga ƙunci da guminsa, ba tare da agajin dangi ko na hukuma ba. Bahaushe zai ce mutum ya tsaya da ƙafafunsa.

Kalmar "bootstrap" sunan ɗan maɗaurin fata ne da ake ɗinkawa a bakin takalmi mai dogon wuya, irin na mahaya dawaki, wanda ake saƙala yatsa a ja domin ƙafa ta shige.

Fassarar kai tsaye ke nan ita ce mutum ya kama maɗaurin takalminsa ya ɗaga kansa sama.

Wannan kuwa abu ne da ba ya yiwuwa, domin duk ƙarfin da hannu ya sa ya ja sama, ƙafa za ta danna ƙasa da daidai irinsa.

Da ba'a aka fara

Turawan ƙarni na 19 sun san da haka, shi ya sa da farko suke amfani da maganar wajen yi wa mai cika baki dariya.

Ɗaya daga cikin wuraren da aka fara ganinta a rubuce shi ne wata jaridar Amurka mai suna Workingman's Advocate a shekarar 1834. Jaridar ta yi wa wani mutum ba'a ne, wanda ya yi iƙirarin ƙera injin da zai yi ta aiki har abada ba tare da makamashi ba, inda ta ce saura kuma a gan shi ya tsallakar da kansa kogin Cumberland da maɗaurin takalminsa.

Wasu kan danganta maganar da tatsuniyar Baron Munchausen, wani bajamushe gwanin shara ƙarya, wanda aka ce ya fitar da kansa da dokinsa daga cikin taɓo. Amma a labarin, gashin kansa ya kama ya ja.

Sai a farkon ƙarni na 20 ma'anar ta juya, ba'a ta koma yabo. Hakan ya dace da yadda Amurkawa da dama ke son kallon ƙasarsu, wato wurin da ɗan talaka kan yi arziki da ƙwazonsa kaɗai.

Yabo ko gori

A yau ma'anar ta dogara ga wanda ake magana a kansa. Idan aka ce "she pulled herself up by her bootstraps", yabo ne ga macen da ta taso cikin rashi ta kai wani matsayi.

Idan kuma aka fuskanci wanda ke cikin wahala aka ce masa ya yi hakan, to sau da yawa gori ne, kamar a ce masa kada ya sa ran kowa zai taimake shi. Don haka ya kamata mai koyon Turanci ya yi hattara kafin ya faɗa wa wanda ya rasa aiki wannan magana da sunan ƙarfafa gwiwa.

Masu ra'ayin 'yan mazan jiya a Amurka sun fi amfani da ita wajen neman a rage tallafin da gwamnati ke bai wa marasa galihu.

Martanin da ya fi shahara shi ne na Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata. A wani wa'azi da ya yi a babbar majami'ar birnin Washington ranar 31 ga watan Maris na 1968, kwana huɗu kafin a kashe shi a Memphis, ya ce muguwar ba'a ce a umarci wanda ba shi da takalmi ya ɗaga kansa da maɗaurin takalmi.

Hujjarsa ita ce gwamnatin Amurka ta raba wa fararen fata 'yan ci-rani daga Turai filayen noma a yammacin ƙasar, alhali bayin da aka 'yanta ba a ba su komai ba. Dokar rabon filaye ta 1862 ta tanadi eka 160 ga duk wanda ya zauna ya noma filin na tsawon shekara biyar.

Barack Obama ma ya yi amfani da irin wannan martani a jawabinsa na karɓar takarar shugaban ƙasa a birnin Denver a watan Agusta na 2008, lokacin da yake sukar manufofin tattalin arzikin jam'iyyar Republican.

Kasuwanci da kwamfuta

Kalmar ta kuma samu gindin zama a wasu fannoni. 'Yan kasuwa kan ce "bootstrapping" idan mutum ya kafa kamfani da ɗan abin da ya tara, yana mayar da riba cikin jari, ba tare da rancen banki ko kuɗin masu zuba jari ba.

Haka nan "boot" da "reboot" da ake faɗa wajen kunna kwamfuta ko wayar salula daga nan suka samo asali. Na'urar na buƙatar manhaja kafin ta iya loda manhaja, saboda haka injiniyoyin shekarun 1950 suka sa mata wani ɗan ƙaramin umarni da ke fara tashi, ya janyo wanda ya fi shi girma, har babbar manhajar ta kama aiki.