Daga Ganyen Lambu Zuwa Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro

Mai karatu, da wuya ka shiga gidan da ke da ɗan fili a bayan ɗaki ka rasa na'ana'a ta shayi ko daɗɗoya ta miya, kuma a gidaje da yawa akan ajiye tazargade domin ranar da jiki ya yi zafi. Wata 'yar'uwar tazargaden nan ce, wadda Sinawa ke kira qinghao, masana kuma ke kira Artemisia annua, ta haifar da maganin da a yau ake ba ɗanka a asibiti idan zazzaɓin cizon sauro ya kama shi.

Tun a ƙarni na huɗu wani malamin magani na ƙasar Sin, Ge Hong, ya rubuta cewa mai zazzaɓi ya jiƙa ganyen a ruwa, ya matse, ya sha. Rubutun ya kwanta shekaru fiye da dubu da ɗari biyar. A shekarar 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, zazzaɓi yana kashe sojoji, kuma kulorokwin ya daina cin ƙwayar cutar a can. Gwamnatin Sin ta kafa wani shirin bincike na sirri, kuma a 1969 aka ɗora wa wata masaniya, Tu Youyou, jagorancin wani rukuni. Ita da abokan aikinta sun bi girke-girken gargajiya sama da 2,000.

Da farko qinghao bai nuna ƙarfi ba, domin ana tatsar sa da zafi. Da Tu ta koma ga rubutun Ge Hong, sai ta lura bai ce a tafasa ba. A 1971 ta tatsi ganyen ba tare da zafi mai yawa ba, sai ruwan ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye da birai. Kafin a ba marasa lafiya, ta fara gwadawa a jikinta. Sinadarin da aka ware shi ne artemisinin, kuma a 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Ga abin da ya shafe ka. Ganyen ya zama magani ne bayan an auna shi. Yawan sinadarin yana bambanta daga shuka zuwa shuka, gwargwadon iri da ƙasa da lokacin girbi, kuma ba kowace tazargade ce ke ɗauke da shi ba. Kofin da aka dafa a gida zai iya sassauta zazzaɓi ya bar ragowar ƙwayar cuta a jini, har ta koyi jure wa magani, kamar yadda aka fara gani a Kambodiya. Shi ya sa ake haɗa artemisinin da wani magani na biyu, a sha kwana uku cur, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyi bayan shan ganyen a madadinsa ba.

Ka ci gaba da renon lambunka, na'ana'a ta ƙamsasa shayi, daɗɗoya ta gyara miya. Amma idan yaro ko mai juna biyu ta yi zazzaɓi, ka kai su a gwada jini a ranar, kuma a shanye maganin har ƙwaya ta ƙarshe. Allah Ya ba mu lafiya.