Ƙungiyar Manoman Jazira da 'Yan Uwanmu Mazauna Kambo

Duk wanda ya bi hanyar Hartum zuwa Wad Madani a lokacin zaman lafiya ya ga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da Sudan ke tinƙaho da ita, wato Jazira, wadda ke kwance tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu. A 1925 Turawan Ingila suka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, suka ja magudanai suka ratsa wannan fili, domin masaƙun Ingila su sami auduga mai dogon zare. Aka yanka ƙasar gona-gona, kowace ana kiranta hawasha, aka danƙa wa manoma bisa sharaɗi: gwamnati ta kawo ruwa, kamfanin Turawa ya kula da gudanarwa da sayarwa, manomi ya kawo ƙarfinsa. Idan an sayar da auduga, kashi 40 cikin 100 na riba ne rabon manomi.

Manomin hawasha ba shi da ta cewa. Ba shi ke zaɓen abin da zai shuka ba, ba shi ke sa ranar ban ruwa ba, kuma bai san farashin da aka sayar da audugarsa ba sai abin da aka rubuta masa. Shekara ashirin ana haka. A 1946 labari ya bazu cewa akwai kuɗi sama da fam miliyan ɗaya da aka riƙa yanka daga rabon manoma ana tarawa a asusun ko-ta-kwana. Manoma suka haɗa baki cewa ba mai shuka auduga sai an fito da kuɗinsu. Hukuma ta ga lokacin shuka na neman wucewa, ta saki wani kaso, sannan ta kafa musu majalisar wakilai wadda aikinta ba da shawara kawai.

Wannan majalisa ba ta gamsar da su ba. A 1950 wa'adin kamfanin ya ƙare, gudanarwa ta koma hannun hukumar gwamnati mai hedikwata a Barakat, amma tsarin bai sauya ba. A ƙarshen 1953 dubban manoma suka yi tattaki zuwa Hartum suna neman a amince musu da ƙungiya tasu ta kansu, kuma suka samu. Shugabanta na farko shi ne Shaihu Al-Amin Muhammad Al-Amin, manomi mai ra'ayin gurguzu, wanda bayan boren Oktoba na 1964 da ya kifar da mulkin Janar Abbud aka naɗa shi ministan lafiya. Manomin hawasha a kujerar minista, a ƙasar da 'yan boko da manyan gidajen ɗariƙa suka saba raba muƙamai a tsakaninsu, ba ƙaramin abu ba ne.

Aikin ƙungiyar na yau da kullum ba shi da armashin ba da labari, amma shi ne gishirinta. Tana zama da hukuma a kan lissafin kuɗin noma, tana jayayya a kan abin da za a ɗora wa manomi na feshi da taki, tana matsa lamba a ƙara rabonsa, kuma an ƙara a hankali. Wani ɗan kaso na ribar auduga yana tafiya wajen rijiyoyi da makarantu da yaƙi da jahilci a ƙauyuka. Da aka buɗe sashen Manaƙil, fili ya haura faddan miliyan biyu, sunan ƙungiyar ya haɗa da Manaƙil.

To, ina namu mutanen a cikin wannan labari? Tun kafin a gina madatsa, Hausawa da Fulani suna bin wannan hanya zuwa aikin hajji, suna yada zango su yi ƙwadago su tara guzuri. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya iso da jama'arsa ya kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kusa da Sinnar. Da auduga ta zo, hannuwan waɗannan baƙi, waɗanda ake haɗa su duka a kira su Fallata ko Takari, tare da mutanen Darfur da Chadi, su suka ɗauki kaso mai yawa na ciran ciyawa da tsinkar auduga. A shekarun 1930, lokacin da farashi ya faɗi wasu manoma suka watsar da gonakinsu, an ba wasu daga cikinsu hawasha. Da kasuwa ta farfaɗo, kuma aka fara tsaurara batun wane ne ɗan ƙasa gab da samun 'yanci, sai wannan ƙofa ta ƙuntata.

Mafi yawansu suka zauna a kambo, wato 'yan bukkoki a gefen magudanar ruwa, a kan ƙasar da ba tasu ba. Jam'in kalmar a Larabcin Sudan shi ne kanabi. Ƙungiyar kuwa ta masu hawasha ce. Idan ana maganar kuɗin tsinkar auduga, mai hawasha shi ne mai biya, mazaunin kambo shi ne mai karɓa, don haka ƙungiyar da ta tsaya gaban Turawa da sojoji ba ta da dalilin ɗaga muryarta a kan ladan ɗan ƙwadago. A ganina wannan shi ne babban giɓin tarihinta, kuma masu yabonta sukan tsallake shi.

Ƙarfinta ya fara raguwa daga farkon shekarun 1980, lokacin da aka soke asusun haɗin gwiwa bisa shawarar Bankin Duniya, aka koma kowane manomi da nasa lissafi da kuɗin ruwa. A zamanin Umar Al-Bashir shugabancinta ya koma hannun na kusa da gwamnati, har wasu manoma suka ware suka kafa ƙawancen adawa. Dokar 2005 ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama, amma magudanai suka cika da laka, gyara ya gagara.

A Disamba 2023 dakarun RSF suka kama Wad Madani, noma ya tsaya a wurare da dama. Da sojoji suka ƙwato birnin a Janairu 2025, an kai wa wasu kanabi hari bisa zargin mazaunansu da taimakon abokan gaba, aka kashe mutane, aka ƙone gidaje, ciki har da Kambo Ɗayba a gabashin jihar. Da yawa daga cikin mazauna irin waɗannan wurare a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, kuma har yau ba su da takardar filin da bukkarsu ke kai.