Sabon agogo mai tsohuwar fuska: yadda masana'antun Suwis suka mai da tarihinsu haja

A cikin wannan ƴar takarda muna so mu duba wani nau'in agogon hannu da masu tara agoguna suke ji da shi a Turai da Amurka da Asiya, wato sabon agogon ado wanda aka ƙera da kamannin na da. Agogon ado, wanda Faransawa ke kira montre habillée, siriri ne, mai gidan zinariya ko farin ƙarfe da maɗaurin fata, ba ya nuna kome sai awa da minti, wani lokaci da daƙiƙa, yana kuma shigewa ƙarƙashin hannun riga. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan ƙauna ta “irin na da” ba daɗaɗɗiya ba ce. Ta samo asali ne daga karayar da masana'antun ƙasar Suwis suka yi bayan 1970.

1. Samfuran da ake kwaikwaya

Samfuran da ake komawa gare su ba su da yawa, kuma mafi shahara sun fito ne tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu. Louis Cartier ya zana Tank a 1917, aka fara sayar da shi a 1919. Reverso, wanda gidansa ke juyawa domin kare gilashi, ya fito a 1931 saboda hafsoshin Ingila masu wasan folo a Indiya. A 1932, shekarar da iyalin Stern suka sayi Patek Philippe, kamfanin ya fitar da agogo mai lamba 96, wanda daga baya aka san zuriyarsa da sunan Calatrava. A zamaninsu babu wanda ya kalle su da idon gado. Kayan yayi ne, kuma yayi na wucewa: Reverso kansa ya ɓace daga kasuwa na tsawon shekaru, sai a 1972 wani ɗan kasuwar Italiya, Giorgio Corvo, ya kwashe sauran gidaje 200 da suka yi kwantai a masana'anta, aka saka musu inji, ya sayar.

2. Karaya, da maganin da aka nemo mata

Ran 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japon ya fitar da Astron, agogon hannu na kwarts mai aiki da pil. Cikin ƴan shekaru irin wannan agogo ya yi araha, ya kuma fi kowane agogon murɗawa riƙe lokaci. Ma'aikatan agogo a Suwis, waɗanda suka kai kimanin 90.000 a 1970, suka koma kimanin 30.000 a tsakiyar shekarun 1980. Masanin tarihi Pierre-Yves Donzé ya nuna cewa ba kwarts kaɗai ya jawo haka ba. Akwai tsadar kuɗin Suwis bayan rushewar tsarin Bretton Woods, akwai kuma warwatsewar sana'ar cikin ƙananan masana'antu barkatai da suka kasa yin gasa da tsarin Japon. Ko ma mene ne dalili, hujjar da aka daɗe ana sayar da agogon Suwis da ita, wato daidaiton lokaci, ta faɗi.

A nan ne aka koma ga tarihi. A 1983 Jean-Claude Biver da Jacques Piguet suka sayi sunan Blancpain, wanda ya kusa gushewa daga kasuwa, suka kafa aiki a Le Brassus, alhali asalin sunan daga ƙauyen Villeret yake. Suka ƙera sirirai, zagayayyun agoguna na murɗawa, suka gina tallarsu a kan shekarar 1735 da kuma alƙawarin cewa ba su taɓa yin kwarts ba, ba za su kuma yi ba. Abin da jiya ake kira ci-baya ya zama asali. (Mai karatu zai lura cewa a wannan shekara ta 1983 ne Hobsbawm da Ranger suka buga littafinsu a kan ƙirƙirar al'ada. Dacewa ce kawai, amma ta cancanci a ambata.) A 1992 rukunin SMH na Nicolas Hayek, mai Swatch, ya saye Blancpain.

Kasuwar gwanjo ta ba da nata taimako. A 1989 gidan gwanjo na Antiquorum a Janeba ya keɓe ciniki guda ga agogunan Patek Philippe kaɗai, albarkacin cikar kamfanin shekara 150. Tun da tsohon agogo ya fara yin kuɗi a bainar jama'a, sai sabo mai kama da shi ya sami masu so. A Jamus, Walter Lange ya sake kafa A. Lange & Söhne a Glashütte a 1990, bayan ƙwace masana'antar iyalinsa da aka yi a 1948; agogunan farko sun fito a 1994, wato akwai giɓin shekara arba'in da ƴan kai a cikin silsilar da ake ƙirgawa daga 1845. Cartier kuma, daga 1998 zuwa 2008, ya yi ta sake fitar da tsofaffin samfuransa ƴan kaɗan-kaɗan domin masu tarawa.

Kwaikwayon ba ya cika. Lamba 96 ta 1932 ba ta wuce milimita 31 ba. Lamba 5196 da ta gaje ta a 2004 milimita 37 ce, saboda mai saye na wannan zamani yana ganin na da ya yi ƙanƙanta. Akan kuma rina fuskar sabon agogo ta yi ruwan madara ko ƙasa-ƙasa, launin da na asali ya samu daga rana da shekaru. A ganinmu wannan ba yaudara ba ce, tun da mai saye ya san sabo ya saya. Amma hoton shekarun 1930 da yake ɗauke da shi a hannu an gyara shi daidai da ɗanɗanon yau.

3. Matsalar madogara

Wannan shi ne wurin da ya fi shafar ɗalibin tarihi. Mafi yawan takardun da ake dogara da su suna hannun kamfanonin da kansu: kundin ciniki, zane-zane, gidajen tarihi irin wanda Patek Philippe ya buɗe a Janeba a 2001. Mai haja shi ne mai ajiyar shaida, kuma sau da yawa shi ke ɗaukar nauyin littattafan da ake rubutawa a kansa. Takardar da kamfani ke bayarwa daga kundinsa tana faɗin abin da aka rubuta game da lambar agogo lokacin da ya bar masana'anta. Ba ta tabbatar da cewa fuska ko allurai da ke jikinsa yau su ne na asali.

Misali ɗaya ya isa, ko da yake ba agogon ado ba ne. A Nuwamba 2021 gidan gwanjo na Phillips ya sayar da wani Omega Speedmaster da aka ce na 1957 ne a kan fiye da faran miliyan 3 na Suwis, kuma Omega ne da kansa ya saya domin gidan tarihinsa. A 2023 ta bayyana cewa an harhaɗa agogon ne da sassan wasu tsofaffin agoguna, kamfanin ya kuma zargi tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki, har da wanda ya shugabanci gidan tarihin.